Tambaya da Amsa: Wane ne dattijon nan mai ƙashin kumatu? Labarin Pete Postlethwaite

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na tambayoyin fina-finai. Wannan karon saƙonnin da suka taru yawancinsu kan mutum ɗaya ne, wani ɗan wasan Ingila da da yawanku kun san fuskarsa sarai amma sunan ne ya gagara, shi ya sa na ga gara in tattaro su waje guda mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah akwai wani Bature da nake yawan gani, shi ne maharbin nan mai ƙwalƙwal kai a Jurassic Park kashi na biyu, kwanaki kuma na gan shi a Inception yana kwance a gadon asibiti. Fuskarsa ba irin ta aktoci ba ce amma in ya fito sai ka manta da kowa. Waye shi? (Daga wani mai karatu a Gusau)

AMSA: Ɗan'uwa sunansa Pete Postlethwaite, kuma idonka bai yaudare ka ba, shi ne a duka biyun. An haife shi ranar 7 ga Fabrairun 1946 a garin Warrington da ke arewa maso yammacin Ingila, tsakanin Liverpool da Manchester, masu kallon ƙwallo sun san yankin. Gidansu gidan talakawa ne ma'aikata 'yan ɗariƙar Katolika, shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu, mahaifinsa ya yi sana'ar haɗa gangunan katako daga baya ya zama mai kula da wata makaranta. Tun yana yaro an so ya zama fada a coci har ya shiga makarantar da ake horar da su amma bai ƙarasa ba. Sai ya koma karatun malanta a kwalejin St Mary's da ke Twickenham a Landan, ya fito malamin motsa jiki da dirama, ya koyar a wata makarantar 'yan mata a Manchester. Yana ɗan shekara 24, a 1970, ya ajiye alli ya tafi makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Bristol Old Vic ya koma ɗalibi.

To nan ne abun da nake so ka lura da shi, don a nan amsar tambayarka take. Mutumin nan bai faɗo fim daga sama ba, ya shafe shekaru kusan ashirin yana wasan daɓe a gaban jama'a kafin duniya ta san da zamansa. A shekarun 1970 yana gidan wasa na Everyman a Liverpool, tare da su Julie Walters da Bill Nighy da Jonathan Pryce da Antony Sher, dukkansu lokacin matasa ne ba wanda ya san su, yau ko kowannensu babban suna ne. Irin aikin da ake yi a waɗannan gidaje ba wasa ba ne, da rana kana rihazal na wasan da za a fara nan gaba, da daddare kuma kana kan dandamali kana yin na yanzu, yau kai sarki ne gobe ɓarawo jibi tsoho mai sanda, kuɗin ba wani abin a zo a gani ba, kuma ba maganar a ce "kot" a sake ɗauka, in ka manta magana a gaban ɗaruruwan mutane kai za ka san yadda za ka fitar da kanka. 'Yan Everyman har mashaya da kulob na ma'aikata suke kai wasa, inda masu kallo in ba ka burge su ba za su gaya maka a take ba kara. Wanda ya iya riƙe hankalin irin waɗannan mutane, riƙe kyamara ba zai ba shi wahala ba. A shekarun 1980 kuma ya yi aiki da Royal Shakespeare Company, babban kamfanin wasannin Shakespeare da ke Stratford.

Akwai labarin sunansa da nake so sosai. Da zai fara aiki an ba shi shawara ya canja suna don ya yi tsawo kuma yana da wuyar faɗa, har abokai suna tsokanarsa wai ba gidan wasan da zai iya biyan kuɗin wutar da za a rubuta wannan suna da fitilu a ƙofa. Ya ƙi. Sunan ubansa ne, da shi ya shiga, da shi ya mutu.

A fim kuwa ya fara da 'yan ƙananan fitowa, akwai shi a The Duellists na Ridley Scott a 1977 amma sai ka zuba ido sosai. Inda masana suka fara cewa kai wannan waye, shi ne Distant Voices, Still Lives na darakta Terence Davies a 1988, inda ya fito a uba mai zafin hannu da ya addabi matarsa da 'ya'yansa a Liverpool, fim ne mai nauyi a zuciya. Daga nan sai Alien 3 da The Last of the Mohicans duk a 1992, sai kuma 1993 da ta canja masa rayuwa, wanda tambaya ta gaba ta taɓo.

Maganar fuska da ka yi gaskiya ne. Ƙashin kumatu a waje, hanci babba, fata kamar wanda ya sha rana da iska, ba irin fuskar da ake bugawa a bangon mujalla ba. Amma wannan fuskar ce jarinsa, don da ka gan shi ka yarda cewa mutumin nan ya sha wuya a duniya tun kafin ya buɗe baki.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Na kalli In the Name of the Father wallahi sai da na yi kuka saboda tsohon nan baban yaron. Wai da gaske abun ya faru ko shiri ne kawai? (Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi)

AMSA: 'Yar'uwa lafiya lau. Da gaske ne ya faru, kuma ba ke kaɗai kika yi kukan ba. Ranar 5 ga Oktoban 1974 'yan ƙungiyar IRA, masu yaƙin raba Ailan ta Arewa da Birtaniya, suka tayar da bamabamai a mashaya biyu a garin Guildford, mutum biyar suka mutu. Hankalin jama'a ya tashi, 'yan sanda na neman wanda za su kama ko ta halin ƙaƙa, sai suka cafke wasu matasa huɗu cikinsu har da Gerry Conlon ɗan Belfast, aka matsa musu har suka sa hannu a takardar amsa laifin da ba su yi ba, a 1975 aka yanke musu ɗaurin rai da rai. Mahaifin Gerry, wato Giuseppe Conlon, mutum ne mai fama da ciwon huhu, da ya ji an kama ɗansa sai ya taso daga Belfast zuwa Landan don ya nemo masa lauya, kinji fa abun da ya kawo shi kenan, sai shi ma aka kama shi a gidan 'yan'uwansu iyalan Maguire aka ce suna harkar kayan haɗa bam. Aka ɗaure shi shekara 12. Bai fito ba, ya rasu yana tsare a Janairun 1980. Sai a Oktoban 1989 kotu ta soke hukuncin matasan huɗu bayan sun yi shekara 15 a gidan yari, a 1991 aka wanke Giuseppe da iyalan Maguire, shi kam yana kabari. A 2005 firaminista Tony Blair ya fito ya nemi afuwar iyalan a bainar jama'a.

Wannan Giuseppe shi Postlethwaite ya hau. Daniel Day-Lewis ne ya fito a Gerry, Emma Thompson ta fito a lauyarsu, Jim Sheridan ya ba da umarni. Abun mamaki shekara 11 ce kawai tsakanin uban da ɗan a zahiri, don Day-Lewis haihuwar 1957 ne, kuma sun san juna tun a Bristol. Amma ko sau ɗaya ba za ki ji a ranki cewa ba shi ya haife shi ba.

Ki sake kallon wajen da aka fara haɗa su a ɗakin tsaro. Yaron ya haukace yana ta zazzaga wa uban magana, yana tono tsohon ciwo, wai tun yana ƙarami da ya ciyo lambar yabo a wasan ƙwallo maimakon uban ya yaba masa sai ya bi shi yana tambayar ko ya yi ƙeta a wasan. Duk surutun na Day-Lewis ne, shi ke ihu shi ke dukan kansa. Shi ko uban yana tsaye kawai kafaɗa a sauke, bai rama ba bai kare kansa ba, yana kallon ɗansa da idon wanda ya gane cewa tsoro ne ke magana ba rashin kunya ba, can sai ya jawo shi jikinsa ya riƙe. Ni a ganina wannan tsayuwar ta fi ihun wuya. Kowa zai iya ihu in an kunna kyamara, amma ka yi shiru kana sauraro kuma mai kallo ya karanta komai a fuskarka, wannan sai wanda ya goge. Haka yake yi har ƙarshe, a hankali numfashinsa na raguwa, tafiyarsa na canjawa, yana rubuta wasiƙun neman a sake duba shari'arsu ba ya gajiya, har yaron da ke raina shi ya dawo ya gane waye jarumi a cikinsu. Daren da ya mutu fursunoni suka dinga cinna wa takardu wuta suna jefowa ta tagogi, na san a nan ne hawayen suka zubo miki.

Sai dai ki sani masu fim sun yi ƙari da ragi. Misali a zahiri uban da ɗan ba su zauna ɗaki ɗaya a kurkuku yadda aka nuna ba, kuma an haɗe shari'o'i biyu aka mai da su ɗaya, an soki fim ɗin a kan haka lokacin da ya fito. Amma asalin zaluncin ba ƙari a ciki. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni bakwai, ciki har da Postlethwaite a rukunin mataimakin jarumi, bai samu ba, Tommy Lee Jones ne ya ɗauka da The Fugitive. Ni dai har gobe ina ganin na Giuseppe ne ya fi cancanta.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne Steven Spielberg ya ce shi ne ɗan wasan da ya fi kowa a duniya? (Daga wani ɗalibi a Zariya)

AMSA: Eh ƙanena, maganar ta shahara, Spielberg ya faɗe ta ne bayan sun yi The Lost World: Jurassic Park a 1997. Shi kuma da aka kai masa labari sai ya mai da abun raha, ya ce ai ƙila cewa Spielberg ya yi Pete yana ganin kansa a matsayin wanda ya fi kowa. Abun da ya fi magana ƙarfi shi ne a wannan shekarar Spielberg ya sake ɗaukarsa a Amistad, labarin 'yan Afirka 'yan ƙabilar Mende daga yankin Saliyo da suka ƙwace jirgin ruwan bayi a 1839, shi ne ya fito a lauyan gwamnati mai ƙarar su. A fim ɗin ne ma Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fara fitowa a babban fim. A Lost World ɗin kuwa ka lura, fim ne na gudu da ihu da dodanni, amma maharbinsa Roland Tembo shi kaɗai ne kake jin yana da tarihi, mutum ne da ya ce a bar kuɗin aikinsa shi dai a ba shi dama ya farauci namijin dodon, da abokinsa ya mutu kuma aka yi masa tayin babban aiki sai ya ƙi ya juya ya tafi abunsa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, wani ya ce min akwai fim ɗin wannan mutumin da aka yi a kan abun da ya faru da yaranmu a Kano lokacin sanƙarau. Ina neman ƙarin bayani. (Daga wani magidanci a Fagge, Kano)

AMSA: Alhaji Allah ya ja da rai. Fim ɗin da ake nufi shi ne The Constant Gardener na 2005, wanda Fernando Meirelles ɗan Brazil ya ba da umarni, daga littafin John le Carré na 2001. Amma bari in gyara maganar kaɗan, a Kenya aka kafa labarin, ba a ambaci Kano a ciki ba, kuma maganin da ke cikin fim ɗin na tarin fuka ne, kamfanin ma ƙirƙirarre ne. Abun da ya sa ake danganta su shi ne kamannin ya yi yawa, kuma masu sharhi da dama sun daɗe suna kawo batun Kano in ana maganar littafin. Kamar yadda ka sani a 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa, a lokacin kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi yana cewa cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

A fim ɗin Ralph Fiennes ne jami'in diflomasiyya da aka kashe masa mata, Rachel Weisz ce matar, har ta ci Oscar da rawar. Postlethwaite shi ne Dakta Lorbeer, likitan da ke da hannu a haɗa maganin, wanda nadama ta kora ya canja suna ya koma wani ƙauye a Sudan yana duba marasa lafiya. Sai wajen ƙarshe yake fitowa, 'yan mintuna ne, amma a hannunsa takardar da za ta tona asirin manyan take, kuma ya yi mutumin yadda ba za ka iya tsanarsa gaba ɗaya ba kuma ba za ka iya yafe masa ba. In za ka kalla Alhaji ka shirya zuciyarka, musamman in abun ya taɓa gidanka ko maƙwabtanka.

Akwai wani kuma da ya shafi Najeriya kai tsaye, The Age of Stupid na 2009, kan sauyin yanayi. Ya fito a wani tsoho shi kaɗai a shekarar 2055 bayan duniya ta lalace, yana duba tsofaffin hotunan bidiyo na gaske yana tambayar me ya hana mu tsai da abun tun da sauran dama, kuma cikin mutanen da aka nuna akwai wata budurwa daga Neja Delta mai burin zama likita, a garinsu man fetur ya ɓata ruwa ana ta ƙona iskar gas. Wannan batu ba wasa ya ɗauke shi ba. A wajen bikin fara nuna fim ɗin a Landan ya fuskanci ministan makamashi na lokacin, Ed Miliband, ya ce in gwamnati ta amince da sabuwar tashar wuta mai amfani da kwal a Kingsnorth zai mayar da lambar girmamawa ta OBE da aka ba shi a 2004.

TAMBAYA: Malam ni ɗan wasa ne mai tasowa, na daɗe ina zuwa lokeshan amma kullum rol ɗin mai gadi ko abokin baba ko ɗan sanda ake ba ni, wani furodusa ma ce min ya yi ba ni da fuskar jarumi. Abokaina na cewa in haƙura in nemi wata sana'a. Me za ka ce? (Daga wani matashi a Jos)

AMSA: Ƙanena na ji zafin saƙonka, kuma da gangan na ajiye shi a wannan fitowar. Ba zan yi maka ƙarya in ce gobe za ka zama jarumi ba, kuma maganar abinci magana ce, in kana da wata sana'a ka riƙe ta hannu bibbiyu kana yin wasan a gefe, shi kansa Postlethwaite da malanta ya fara. Amma batun wai ba ka da fuskar jarumi, wannan ba hukuncin kisa ba ne. Fim kamar ɗakin soro ne, baƙo in ya shigo ado da fenti yake kallo, amma azara ce ke riƙe da rufin, kuma masu fitowa a baba da bos da malami da mai gadi su ne azarar.

Duba shekara biyu kawai a rayuwar mutumin nan. A 1995 shi ne Kobayashi, lauyan nan mai sanyin murya a The Usual Suspects wanda ke shigowa da jaka ya tsorata riƙaƙƙun 'yan fashi ba tare da ya ɗaga murya ba. A 1996 shi ne fada mai zanen gicciye a gadon baya a Romeo + Juliet tare da Leonardo DiCaprio, inda ya fi kowa iya furta baitocin Shakespeare da karinsu saboda ya sha su a dandamali. A shekarar dai shi ne ɗan coci mai waƙe a Dragonheart. Kafin nan a 1994 a talabijin ya yi Saje Obadiah Hakeswill a shirin Sharpe tare da Sean Bean, mugu na ƙarshe mai motsa fuska kamar mai taɓin hankali, har yau 'yan Ingila in ana lissafin miyagun talabijin sai sun sako shi. Ba ɗaya a cikin waɗannan da shi ne jarumi, kuma ba biyu da suka yi kama da juna.

Sai Brassed Off na 1996, wanda ni shi na fi so a duk aikinsa. Labarin wani gari ne na masu haƙar kwal a Yorkshire da gwamnati za ta rufe musu mahaƙa, kuma haka aka yi a zahiri, bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985 na zamanin Margaret Thatcher, a 1992 gwamnati ta sanar da rufe mahaƙu 31, ta garin Grimethorpe inda aka ɗauki fim ɗin an rufe ta a 1993. Ma'aikatan suna da ƙungiyar badujala tun kaka da kakanni, shi ne Danny shugabansu mai kaɗa sanda, tsoho mai taurin kai da ba ya ganin komai sai kiɗa, mutanensa na rasa aiki ɗansa bashi ya yi masa katutu shi ko maganar gasa kawai yake. Yana tari yana ɓoye hankicin don kar a ga baƙin da ke fitowa daga huhunsa. Da ya faɗi aka kwantar da shi, sai 'yan badujalar suka zo ƙofar asibiti da daddare da hulunan haƙar kwal fitilunsu a kunne suna busa masa. A ƙarshe sun ci gasa a babban zauren Royal Albert Hall, aka miƙo masa kofi, sai ya ƙi karɓa ya tsaya gaban dubban mutane ya faɗi abun da aka yi wa garinsu, muryarsa na rawa yana neman numfashi. Ewan McGregor ne saurayin fim ɗin, shi ke soyayya, amma tambayi duk wanda ya kalla wa yake tunawa.

Kuma ba sai Turawa ba. Amrish Puri da muka taso muna kallo a fina-finan Indiya, an gwada shi a farko aka ce bai dace ba, ya koma aikin ofis yana wasan daɓe da yamma, sai da ya doshi arba'in ya samu shiga fim sosai, ga mugun nan Mogambo na fim ɗin Mr. India ga baban yarinya a fim ɗin Shah Rukh Khan da Kajol na 1995, shi ma Spielberg ya ɗauke shi a Indiana Jones a 1984. A gida kuma ka tuna marigayi Kasimu Yero, wanda shi ma wasan daɓe da talabijin ne suka gina shi.

Don haka in an ba ka mai gadi, ka zauna ka tambayi kanka wannan mai gadin daga wane gari ya zo, wata nawa yake bin albashi, yana tsoron maigidan ne ko raina shi yake a ɓoye, yaya yake riƙe tocila. Ka je ka zauna da masu gadi na gaske ka ji yadda suke magana. Ka koyi sauraro in wani na faɗin dayalog ɗinsa, kar ka tsaya kana jiran naka kawai, don edita na neman fuskar da zai yanko ya saka. Kuma ka nemi ƙungiyar wasan daɓe, a Jos kake, garin da ke da sashen wasan kwaikwayo a jami'a da kuma makarantar koyon fim ta ƙasa, ka shiga ka yi wasa a gaban mutane masu rai ko da ba kuɗi.

TAMBAYA: Yana raye kuwa? Na daina ganinsa a sababbin fina-finai. Kuma da wanne zan fara? (Daga wata ɗaliba a Kumasi)

AMSA: Ya mutu ƙanwata, ranar 2 ga Janairun 2011 a asibitin Shrewsbury, yana da shekara 64. Tun a 1990 ya taɓa yin kansar maraina aka yi masa aiki ya warke, a 2009 kuma aka gano wata kansar a cikinsa, a gaɓar nan da ke samar da sinadarin insulin, ita ce ajalinsa. Kafin nan a 2008 ya koma Everyman, gidan da ya fara, ya yi Sarki Lear na Shakespeare wanda shi ne babban burin 'yan wasan Ingila in sun manyanta, masu sharhi sun rabu a kan shirin amma shi dai ya cika burinsa. Kuma bai daina aiki ba duk da ciwon, a 2010 kaɗai ya fito a Clash of the Titans da Inception da The Town. Ramewar da ake gani a Inception ba kwalliya ba ce duka, jikin ya riga ya tafi. A The Town na Ben Affleck shi ne Fergie mai shagon furanni, yana tsaye yana gyaran fure da 'yar wuƙa yana faɗa wa mutum maganar da za ta hana shi barci, bayan mutuwarsa aka sa shi a takarar BAFTA, babbar lambar yabon fina-finai ta Birtaniya, da wannan rawar. Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Killing Bono, ya fito a 2011, shekarar da aka buga littafin tarihinsa A Spectacle of Dust. Ya bar mata da 'ya'ya biyu, babban wato Billy Postlethwaite shi ma ɗan wasa ne, ya fito a Chernobyl da 1917.

In za ki fara, ki fara da Brassed Off, sai In the Name of the Father, sannan The Usual Suspects, wannan na ukun kar ki bari kowa ya ba ki labarin ƙarshensa. Dukkansu akwai ashariya a ciki, biyun ƙarshe kuma akwai duka da zubar da jini, don haka ba na kallo da ƙananan yara ba ne. Turancin Yorkshire da na Belfast yana da wuyar kamawa a kunne, ki nemi mai rubutu a ƙasa.

Sauran tambayoyin da ba mu samu kaiwa gare su ba sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.